Zaɓen ƙwallon petank: hannu da fari, sannan ƙasa

Wanda ya saba bin hanyar Jibiya, ya ratsa Magama ya shiga Ɗan Isa har ya dangana da Maraɗi, ya san wasan nan ko da bai riƙe sunansa ba. Da la'asar sakaliya za ka ga maza sun taru a fili, kowa da ƙwallayen ƙarfe a hannu da ɗan tsumma a aljihu, ɗaya ya tsuguna cikin da'ira yana auna ƙasa da ido. Shi ne petank, wasu su ce bul. Daga Faransa ya zo, ya zauna daram a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka, shi ya sa ya yi ƙarfi a Nijar alhali a ɓangarenmu na Najeriya baƙo ne. Ga matashin garin Gangara da ya gani ya yi sha'awa, wasan ba ya neman kayan da suka fi ƙarfinsa: fili mai tsawon mita 15 da faɗin mita 4 ya isa gasa, mai mita 12 da faɗin 3 ma yana yi. Abin da ke cin kuɗi ɗaya ne, ƙwallayen, kuma a nan ne mai fara wasa ke yin asara, domin yakan ba direba saƙo a sayo masa "masu kyau" ba tare da ya san wace ƙasa zai jefa su a kai ba.

Sai an san wasan kafin zancen zaɓe ya yi ma'ana. Ana jefa ɗan ƙaramin ƙwallo na katako, mai faɗin milimita 30, zuwa nisan mita 6 zuwa 10 daga da'irar da mai jifa ke tsaye. Ɓangarori biyu su yi ta jefa ƙwallayen ƙarfe, kowa na son tasa ta fi kusa da ɗan katakon. Wanda ya fara kai maki 13 ya ci. Idan mutum uku-uku ne, kowa na da ƙwallo biyu; idan biyu-biyu ne ko ɗaya da ɗaya, kowa na da uku. Ƙafafu biyu suna cikin da'ira, ba a ɗaga su sai ƙwallo ta taɓa ƙasa. An faro wannan salo ne a garin La Siyota kusa da Marsai a kudancin Faransa, wajen shekarar 1907, saboda wani tsohon ɗan wasa, Jules Lenoir, da ciwon gaɓoɓi ya hana shi yin gudun da tsohon salon wasan ke bukata. Aiki kuma a rabe yake: akwai mai ajiya, wanda ke kai ƙwallo kusa da ɗan katako, akwai maharbi, wanda ke fitar da ƙwallon abokin hamayya, akwai ɗan tsakiya mai taɓa duka biyun. Kowannensu da irin ƙwallon da ta dace da shi.

Doka ta kafa iyaka. Hukumar petank ta duniya, wadda aka kafa a Marsai a 1958, ta ce ƙwallon gasa ta zama ta ƙarfe, faɗinta tsakanin milimita 70.5 da 80, nauyinta tsakanin giram 650 da 800, kuma a ga tambarin kamfani da nauyin a zane a jikinta. Cikin wannan iyaka abubuwa huɗu ne ke bambanta wata da wata: faɗi, nauyi, taurin ƙarfe, da zanen jiki. Na farko hannunka ne ke yanke shi. Sauran ukun ƙasa ce da aikinka a cikin wasa.

Kada ka bari kowa ya zaɓa maka faɗi. Ɗauki ƙwallon, girmanta bai wuce babban curin fura ba, ka kifa hannu, tafin yana duban ƙasa, yatsu huɗu a haɗe sun naɗe ta, babban yatsa yana gefe ba ya matsa komai. Yanzu saki hannun ya yi lilo gaba da baya. Idan sai ka matse kafin ta zauna, ta yi maka girma, kuma za ta riƙa suɓucewa kafin lokaci. Idan yatsunka sun rufe ta har suna neman taɓa gindin tafi, ta yi ƙanƙanta, za ta riƙa maƙalewa ta fita a makare, ta tashi sama ko ta karkace. Wadda ta dace ita ce wadda yatsu suka rufe ɗan fiye da rabinta, ta zauna ba tare da ka yi mata ƙarfi ba. Yawancin maza suna faɗawa tsakanin milimita 73 da 75, mata da matasa tsakanin 71 da 72. Milimita ɗaya kamar ba komai ba ce a ido, amma hannu yana jin ta tun jifan farko. Saboda haka kafin ka aika kuɗi, ka je inda ake wasa ka roƙi aron ƙwallaye masu faɗi daban-daban. 'Yan wasa ba sa rowar wannan. "Malam, ko zan ɗan gwada taka?" ya isa.

To, sai ƙasa, wadda ita ce zuciyar maganar. Masu wasan bolin na cikin ɗaki, irin na Amurka, suna da wannan damuwar su ma: ana shafa wa hanyar katakon mai, sai ɗan wasa ya zaɓi ƙwallo mai kaushin jiki idan man ya yi yawa, mai santsi idan hanyar ta bushe. Su injin ne ke shimfiɗa musu yanayin. Ɗan petank kuwa abin da ya tarar shi zai yi wasa a kai, kuma doka ta hana shi share fili ko cire tsakuwa da zarar an fara. An yarda wa mai shirin jefa ɗan katako ya ɗan buga ƙasa da ƙwallonsa, bai wuce sau uku ba, don ya ji taurinta, an kuma yarda a cike rami ɗaya da wata ƙwallo ta haƙa. Ba a kuma sauya ƙwallo a tsakiyar wasa sai in ta fashe ko ta ɓace. Ke nan zaɓen yana gaban wasa, ba ya cikinsa.

Ƙasar da ta fi yawa a yankinmu, daga Gangara har Madarumfa, rairayi ce. A rairayi mai zurfi ƙwallo ba ta gangarawa: inda ta faɗi nan take nitsewa, ko ta ja taki ɗaya ta mutu. Wanda ya koyi mirgina ƙwallo tun daga bakin da'ira zai sha mamaki, domin ba za ta kai rabin hanya ba. Jifan da ke aiki a nan shi ne na sama, a cilla ta ta yi baka ta sauko dab da ɗan katako. Tunda haka ne, mai ajiya a rairayi ba ya bukatar nauyi mai yawa. Ƙwallo mai giram 730 da za ka yi ta ɗagawa sama tun la'asar har magariba za ta gajiyar da kafaɗa, kuma hannun da ya gaji shi ne ke fara gajarta jifa. Ina ganin 690 zuwa 710 ya wadatar. Abin da mai nauyi ke da shi a rairayi shi ne idan ta binne kanta tana da wuyar fitarwa, amma wannan riba ba ta kai wahalar ba ga mai fara wasa. Taurin ƙarfe kuwa kusan ba ya aiki a nan, saboda yashi ya riga ya shanye duk wani tsalle. Kada ka biya kuɗin ƙwallo mai laushi don filin da shi kansa laushi ne.

Maharbi a rairayi aikinsa ya fi wuya, kuma ya kamata a faɗa masa gaskiya. Harbin da ya faɗi gaban ƙwallo da taƙi ɗaya, wanda a ƙasa mai tauri zai zame ya buge ta, a yashi ƙura kawai zai tayar. Dole ƙarfe ya sauka kan ƙarfe. Don haka yana son ƙwallo mara nauyi sosai, 680 zuwa 700, wadda hannu zai iya maimaita jifa ɗaya da ita ba tare da ya sauya ba, mai santsin jiki don ta bar yatsu ba tare da ta kama ba.

Sai fako, ƙasar nan da ta daskare ta yi tauri, irin ta filin makaranta ko bakin kasuwa da ƙafa ta daddaɓe, sau da yawa da ɗan siririn yashi a kai. Wannan ita ce ƙasa mai gudu. Ƙwallo tana tafiya fiye da yadda ka nufa, kuma kowane ɗan gangare da ido bai gani ba sai ta bi shi. A nan mirginawa tana aiki, haka ma jifan rabin hanya, wato a sauke ta tsakiya ta ƙarasa da kanta. Mai ajiya yana son ƙaramar ƙwallo mai nauyi, 710 zuwa 730. Ƙanƙantar tana rage wa maharbin hamayya abin da zai nufa, nauyin kuma yana sa ta riƙe hanyarta. Zanen jiki, layukan nan da ake yanka wa ƙwallo, yana ɗan taimaka mata ta kama ƙasa, amma amfaninsa na gaske a yatsu yake: shi ke ba ka damar sa mata juyin baya, wanda ke taka mata birki idan ta sauka. A fako wanda bai iya juyin baya ba zai yi ta bin ƙwallonsa zuwa bayan fili.

A fako ne kuma taurin ƙarfe ke bayyana. Ƙwallon gasa ba curin ƙarfe ba ce. Kwano biyu ne na ƙarfe ake haɗawa a yi musu walda, cikin fanko, sannan a gasa a tsoma don a ba ta taurin da ake so. Ana auna taurin da lamba: mai laushi tana wajen 110, mai tauri tana kaiwa 140, matsakaiciya tana tsakani. Mai tauri idan ta bugi wata ƙwallo ko ƙasa mai ƙarfi sai ta yi tsalle ta koma baya. Mai laushi tana shanye bugun. Shi ya sa maharba ke son ta, domin burin kowane maharbi shi ne harbin da ake kira karo, inda ƙwallonsa za ta fitar da ta hamayya ta zauna a gurbinta. Da mai laushi wannan ya fi samuwa. Sai dai laushin yana da farashi: tana saurin yin tabo, tana cinyewa, kuma wanda ke wasa kullum a ƙasa mai tauri zai ga ta tsufa tun mai tauri tana sabuwa.

Ƙasa ta uku ita ce marmara da tsakuwa, jar ƙasar da ake zubawa a hanya, da filayen da ke gefen titi. Ita ce mafi gardama, kuma ni ita na fi so, domin tana tilasta wa mutum ya karanta fili. Ba a mirgina ƙwallo a nan, tsakuwa ɗaya za ta iya kai ta gabas alhali ka nufi arewa. Abin da gwani ke yi shi ne ya fita daga da'ira ya taka zuwa wajen ɗan katako, ya nemi wani ɗan wuri mai faɗin tafin hannu da babu dutse, ya koma ya sauke ƙwallonsa daidai nan. Ka lura da shi yana tsugune yana duban wurin, yatsunsa suna juya ƙwallon a hankali har zanen ya zauna inda ya saba ji, sannan hannun ya koma baya. Idan ta sauka daidai, ƙarar da take yi a daƙushe take, ba ta ƙara mai kaifi irin ta ƙarfe kan dutse, kuma tun daga ƙarar 'yan kallo sun san jifan ya yi. Nauyi yana da amfani ƙwarai a marmara, saboda ƙaramar tsakuwa ba ta iya kautar da ƙwallo mai giram 720 yadda take kautar da mai 680. Batun tauri kuwa a nan ne ya zama ciniki. Mai laushi ta fi zama idan ta sauko daga sama, amma marmara tana cin ta kamar me. Mai tauri tana daɗewa, amma tana tsalle. Ɗan wasan da kamfani ke ba ƙwallaye kyauta zai ɗauki mai laushi ya sauya ta idan ta lalace. Wanda ya tara kuɗinsa da guminsa ya ɗauki matsakaiciya.

Damina tana sauya duk wannan lissafi. Fakon da ke gudu a watan Maris yana iya zama taɓo a Agusta, rairayi kuma idan ya sha ruwa ya lafa sai ya yi daɗin wasa fiye da kowane lokaci, har a iya mirginawa a kansa. A jiƙaƙƙiyar ƙasa ƙwallo mai zane da yawa tana kwasar laka a cikin layukan, doka kuma ta ce a goge ta tas kafin a jefa. Mai santsi shafa ɗaya ta ishe ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ba da shawarar zane kaɗan, layi ɗaya ko biyu, wanda zai isa yatsu su kama, kuma ka gane taka a cikin tarin ƙwallaye.

Yanayi yana taɓa hannu ma, ba ƙasa kaɗai ba, kuma wannan shi ne abin da shawarar da aka rubuta don Turai ba ta cika kulawa da shi ba. Ƙarfen ƙwallo iri biyu ne: baƙin ƙarfe, da farin ƙarfe mara tsatsa. Farin ba ya bukatar kulawa, amma yana da santsi. A hunturu, lokacin da fatar hannu ta bushe ta yi fari, ƙura kuma ta lulluɓe komai, farin ƙarfe yana zamewa daga yatsu, kuma ba ka da izinin jiƙa ƙwallo don ta kama, doka ta hana. Baƙin ƙarfe ya fi zama a hannu, da rani da bazara duka. Aibinsa tsatsa, wadda ba ta da ƙarfi a ƙasarmu sai da damina. Maganinta sauƙi ne: bayan wasa a goge, a shafa ɗan mai da tsumma, a ajiye inda babu laima, kafin wasa kuma a goge man sarai. Mai yawan gumin hannu wanda ba zai iya wannan hidima ba ya ɗauki farin mai ɗan zane. Da bazara kuma, ko wane iri ne, kada a bar ƙwallo a rana. Ƙarfen da ya sha ranar Afrilu ba ya riƙuwa, sai a ajiye su a inuwa a cikin jaka har a fara.

Yanzu sayen kansa. Akwai ƙwallaye masu ƙyalli da ake sayarwa shida ko takwas a jaka ɗaya da araha. Na wasan yara ne da shaƙatawa. Ɓawonsu siriri ne, sau da yawa an cika cikin da yashi ko wani abu don su yi nauyi, ba su da daidaito, suna lotsewa, kuma ba a karɓarsu a gasa. Araha ba ta ado. Ƙwallayen gasa uku-uku ake sayar da su, kuma ukun suna ɗauke da tambari ɗaya, nauyi ɗaya, da lamba ɗaya da ke nuna tare aka ƙera su. Sunayen da za ka fi cin karo da su su ne Obut, kamfanin da ke garin San Bone a Faransa tun 1955, da MS, da La Boule Bleue ta Marsai, da La Franc ta Tailan. Sabbi suna da tsada idan aka juya sefa zuwa naira, don haka da yawa na hannu za su saya, kuma babu laifi a ciki muddin an duba. Girgiza kowace a kusa da kunne: ta gaskiya shiru take, wadda aka cika tana motsi a ciki. Duba cewa rubutun nauyi da tambarin suna karantuwa, domin idan sun goge alƙalin gasa zai ƙi ta. Ɗora su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin sikeli mai lamba, ka ga ko ukun sun yi kusa da juna da kuma abin da aka rubuta. Sannan ka mirgina kowace a hankali a kan siminti mai santsi. Mai daidaito tana tafiya miƙe ta tsaya. Wadda ke layi, ko take komawa ta kwanta a gefe ɗaya kullum, a bar ta.

Gargaɗi ɗaya da ya shafe mu musamman, mu da muke da maƙera a kowane gari: kada ka kai ƙwallo a gasa maka ita don ta yi laushi, kada kuma a huda a zuba mata darma ko yashi. Doka ta ɗauki wannan a matsayin maguɗi, hukuncinsa kuma mai tsanani ne. Ban da haka, sa ƙarfe rufaffe mai fanko a cikin wuta haɗari ne ga maƙerin da duk wanda ke kusa. Abin da aka yarda shi ne a zana sunanka ko harufansa na farko.

Masu ƙarfi suna riƙe jaka biyu, ɗaya ta ƙasa mai tauri ɗaya ta mai laushi. Ga wanda zai sayi jaka ɗaya tak, wanda kuma shi ne yawancinmu, ga abin da zan ce: faɗin da ya zauna a hannunka, nauyi 700 ko 710, tauri matsakaici, baƙin ƙarfe, zane kaɗan. Da wannan za ka yi ajiya, za ka yi harbi, za ka shiga rairayin Gangara da fakon filin makaranta da marmarar bakin titi. Abin da ya rage sai jifa ya cike shi: sama a yashi, ƙasa-ƙasa da juyin baya a fako, wurin sauka zaɓaɓɓe a tsakuwa. Ka daɗe da ita kafin ka yi tunanin wata, domin sai ka yi wasa mai yawa za ka san ko kai mai ajiya ne ko maharbi, kuma a lokacin ne jaka ta biyu za ta yi amfani.

Wasan ba na Turawa kaɗai ba ne tun tuni. Tunisiya da Maroko sun sha ɗaukar kofin duniya, Madagaska ta ɗauka a 1999, ta sake ɗauka a gida a 2016 bayan ta doke Benin a wasan ƙarshe. Dakar ta karɓi gasar duniya a 2008, Kwatano kuma a 2023, inda Tailan ta yi nasara. Idan matasan gari za su haɗa kuɗi su fara, jaka huɗu sun isa wasan biyu-biyu, kuma gara a sayo su da faɗi daban-daban, ɗaya 72, biyu 73 ko 74, ɗaya 75, don duk wanda ya zo koyo ya gwada ya san nasa kafin ya sayi ta kansa.